Ranar da Malam Mani Ya Ce In Zauna a Gida

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, 14 ga watan Mayu na 2025, Allah ya karɓi ran Malam Mani Tafoki a gidansa da ke Faskari, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba. An sallace shi bayan Azahar, aka kai shi makwancinsa a Tafoki kusa da mahaifinsa, kamar yadda ya bar wasiyya. Ya rasu yana da shekara hamsin da huɗu, ya bar matarsa Hajiya Safara'u da 'ya'ya shida.

Ina zaune a ɗakin fayil na asibitin kuɗin da nake aiki a Ƙanƙara labarin ya iske ni. Baba Ɗanlahadi, maigadinmu, shi ya leƙo ta taga ya ce, "Hamida, mai gyaran namu yat tafi." Ban tambaye shi wanne ba. Muna da mai gyaran janareto, muna da mai gyaran famfo, amma in aka ce mai gyaran namu, mutum ɗaya ake nufi.

Malam, ni ba danginka ba ce, ban kuma zauna a gabanka a aji ba. Waɗanda suka fi ni saninka za su faɗi zumuncinka da tsayuwarka a sahun farko. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne akwai wata magana da na jefe ka da ita shekara uku da suka wuce, na yi ta ɗaga ranar janye ta har ƙasa ta rufe maka ido. Tunda a gaban mutane na faɗe ta, a gaban mutane ya kamata in janye ta.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Mani mai gyaran kwamfuta ne da wayoyin da ke haɗa su. Ba shi da shago. Wata baƙar jakar goyo da tsohon babur su ne shagon, kuma da su ya yi kusan shekara ashirin yana zirga-zirga tsakanin Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, har a shekarun da hanya ta lalace, mutum kan fita da safe iyalinsa na riƙe da carbi. Duk makaranta ko asibiti ko ofishin ƙungiyar manoma da ke da kwamfuta fiye da uku a yankin nan, in ka duba bayan tebur za ka ga rubutun hannunsa a kan farin salatif, manne da kowace waya: wannan ta ɗakin magani, wannan ta ɗakin gwaji. A jakar akwai sukudireba da tocila da 'yar na'urar gwada waya, da ƙullin soyayyar gyaɗa, sai littafi mai bangon kwali. Ya taɓa mance tocilarsa a wurinmu wata guda cur, amma littafin bai taɓa kwana inda ba ya nan ba.

Kana da halinka, Malam, kuma ba kowa ke iya haƙuri da shi ba. In aka kira ka a waya cewa abu ya tsaya, da ƙyar kake barin a gama gaisuwa sai ka ce, "Fitilar tana ƙiftawa?" Ba ka yarda da al'adarmu ta kashe na'ura a sake kunnawa ba. Ka sha cewa wannan lallashi ne, ba gyara ba. Kuma ba ka taɓa canza abu biyu a lokaci ɗaya ba. Sai ka canza ɗaya, ka zauna, ka ɓare gyaɗa, ka rubuta abin da ka gani, sannan ka taɓa na biyu. Masu gaggawa sun sha jin haushinka. An ce sannu ba ta hana zuwa sai dai a daɗe ba a je ba, to mu da muka yi aiki da kai mun ga zuwan, mun kuma ga daɗewar.

Na fara aiki a asibitin nan a watan Yulin 2022, bayan shekara uku ina zaune a gida da takardar difloma a ƙasan akwati. Mahaifinmu ya rasu, ni ce babba, kuma aikin nan shi ne abu na farko da ya sa mahaifiyata ta daina sayar da kayan ɗakinta ɗaya bayan ɗaya. Aikina shi ne in buɗe wa mara lafiya fayil a kwamfuta, in tura shi wurin likita. Duk bayanan suna cikin wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda ke ajiye a wani ɗan ɗaki bayan ɗakin magani. Kwamfutocin likita da na ɗakin gwaji da na ɗakin magani da tawa duk daga gare ta suke ɗauka. A bayanta akwai wani ɗan allo da wayar netwok ke shiga, da 'yar koriyar fitila a gefensa. Shi ne katin netwok. In ya yi shiru, sabar na nan da ranta amma ba mai iya magana da ita.

A satin da na fara aiki tsawa ta ƙona tsohon katin, aka kawo sabo daga Funtuwa aka sa. Daga nan abin ya fara. Da safe komai lafiya lau. Da an dawo daga sallar Azahar sai kowace kwamfuta ta tsaya tana juyi. Sai an je an kashe sabar, an jira, an kunna, a yi asarar kusan minti arba'in. Minti arba'in ba wasa ba ne ga wanda ya taso daga 'Yargoje ko ƙauyukan bayanta yana son ya kama hanya kafin La'asar ta yi sanyi. Na ga mata sun tashi sun tafi da yaro cikin zazzaɓi ba tare da sakamakon gwaji ba, don sun fi tsoron hanyar yamma a kan zazzaɓin.

Ga kuma yadda na shiga ciki. Maza kan tafi masallacin bakin titi, daga can su tsaya cin abinci. Mu mata muna salla a ɗan ɗakin da ke kusa da nawa, don haka kullum ni ce ta farko da ke komawa kan tebur. Ni nake fara dannawa, ni nake fara cewa abin ya tsaya. Ba a yi sati uku ba aka fara cewa hannun Hamida ne. Da farko da dariya ake faɗa. Daga baya wasu suka ce ina cusa wayata a jikin kwamfuta ina sauke fina-finai, wasu suka ce ban iya aikin ba, wata kuwa ta ce ita dai tun da na tako asibitin nan ta ga alamar farar ƙafa. An sayi sabuwar wayar netwok, an canza akwatin da ke rarraba wayoyin, ba abin da ya sauya. Manajan asibitin, Alhaji Jabiru, wanda ya ba ni izinin faɗar wannan, ya rubuta takardar sallamata ya sa mata kwanan watan Juma'a. A gari irin namu, in aka sallami mace da sunan ɓarna, labarin kan riga ta isa duk ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Ranar Litinin ta wannan satin ka zo. Likita ne ya nace a kira ka kafin a yanke hukunci. Ka jingine babur, ka gaisa da kowa, ka ɗauki kujerar roba ka zauna a ƙofar ɗakin sabar, ba ka taɓa komai ba har aka kira salla. Da aka dawo abin ya tsaya kamar kullum, aka yunƙura za a kashe, sai ka tare ƙofa ka ce a ba ka minti goma. Ina tsaye ina kallo. Ka duba fuskar sabar, ka ga tana aiki. Ka gwada kwamfutar likita da tawa, ka ga suna ganin juna, sabar ce kawai ba su gani. Ka cire wayar ka sa taka, shiru. Ka mayar da tamu, ka canza mata rami a akwatin rarrabawa, shiru. Sannan ka buɗe inda na'urar ke rubuta wa kanta abin da ya same ta, ka daɗe kana karantawa, ka yi rubutu a littafinka. Sai ka ce to, a kashe a kunna. Alhaji ya tambaye ka me ka gani, ka ce, "Sai gobe, Alhaji."

Ranar Talata ka zo da wata dabara da har yau in na tuna sai na yi murmushi. Kai ma masallaci za ka, kowa masallaci za shi, to wa zai ga abin da ke faruwa a ɗakin? Sai ka tafi wurin Baba Ɗanlahadi. Baba Kirista ne, daga cikin Hausawan ƙauye da suka bar addinin gargajiya suka shiga coci, kuma shekara da shekaru shi ke tsaron asibitin lokacin da muke salla. Ka kwance agogonka ka ɗaura masa, ka zaunar da shi a bayan sabar, ka nuna masa koriyar fitilar. Ka ce kada ya taɓa komai, ya zuba mata ido kawai, in ta daina ƙiftawa ya duba agogo. Baba bai san kwamfuta ba, amma ya san gadi. Da kuka dawo ya ce, "Malam, biyu saura minti takwas tat tsaya cik. Ɗiyar ga kau tana bisa darduma, ina jin karatunta."

Na ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Aka ce Baba tsoho ne, idonsa ya yi rauni, kuma kowa ya san ina ɗebar masa abincin da nake zuwa da shi. Ranar Laraba aka sake, Baba ya sake faɗar kusan lokaci ɗaya, aka sake taɓe baki.  Kai kuwa ba ka kare ni ba, ba ka kare Baba ba, gyaɗarka kawai kake ɓarewa.

Da yammacin Larabar Alhaji Jabiru ya kira ni ofis ya ce, "Malam Mani ya ce gobe ki zauna gida, kada ki ko leƙo." Na fito. Duk wanda ke baranda ya ji maganar, kuma duk sun fassara ta yadda na fassara ta: ƙwararre ya zo ya tabbatar ni ce. Na same ka kana ɗaure jaka a bayan babur. Ban gaishe ka ba. Na ce, "Malam, har da kai? Allah ya isa tsakanina da kai." A gaban masu jinya da masu sayar da ayaba na faɗe ta. Ka ɗago ka dube ni, ka ce, "To, ɗiyata. Sai jibi." Ka tayar da babur ka tafi.

Ranar Alhamis na wuni a ɗaki. Na gaya wa mahaifiyata ciwon kai nake yi, ta kuma yi kamar ta yarda. Abin da ya faru a asibiti ba a gabana aka yi ba, Baba ne ya ba ni labari, Alhaji ya cika sauran. Ka sa an kulle ɗakina tun safe, wata ma'aikaciyar jinya ta yi aikina daga kwamfutar ɗakin magani. Da aka tafi salla ka ba Alhaji makullan duka ya sa a aljihunsa. Da aka dawo ka ce ba wanda zai taɓa komai sai shi. Alhaji ya buɗe ofishinsa da hannunsa, ya zauna, ya danna. Kwamfuta ta tsaya tana juyi. Baba ya ce sai da ka bar Alhaji ya danna har sau uku kafin ka ce, "Alhaji, yau hannun wa za mu ce?"

Sannan ka yi bayani, kuma bai fi jimla huɗu ba. Sabon katin yana da tsarin tsimin wuta. In ya ji shiru na kusan minti ashirin, ba mai neman komai, sai ya kwanta barci. Ka ce barcin ba laifi ba ne, tashin ne bai iya ba. A duk wunin asibitin nan ba lokacin da kowa da kowa ke ɗauke hannu gaba ɗaya sai Azahar, da dare kuwa dama kashe sabar ake yi don batirin sola, shi ya sa ba a taɓa gani da safe ba. Ka shiga ka kashe tsarin tsimin, abu ɗaya tak, ka rubuta, ka ce a jira Juma'a, don ranar ce hutun ya fi tsawo.

Ranar Juma'a aka aiko in zo. Bayan an sauko daga masallaci ka ce ni zan fara dannawa. Na rubuta sunan wata mata daga 'Yargoje, fayil ɗinta ya buɗe nan take. Alhaji Jabiru ya fito da takardar sallamar daga durowa ya yaga a gabana, ya ba ni haƙuri a gaban ma'aikata, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga dattijo kamarsa. Ya kuma je har bakin ƙofa ya ba Baba Ɗanlahadi hannu. Ni kuma na tsaya a gabanka. Na ce, "Na gode, Malam." Ka ce mako mai zuwa za ka dawo ka sabunta manhajar da ke tafiyar da katin, don ba ka son haɗa gyara biyu a rana ɗaya.

Ka dawo, kuma ka ci gaba da dawowa. Kai ka koya mini bin abu daki-daki: a fara da fitila, sai waya, sai rami, sai a ga ko sauran kwamfutocin na ganin juna, sai a karanta abin da na'urar ta rubuta, kuma kada a kashe kafin a duba, don kashewa na share sawun ɓarawo. Ka sa na sayi littafi mai bangon kwali irin naka. Bara da ɓera ya ci waya a cikin silin, ni na gano da kaina. Na kira ka ina ɗoki ina ba ka labari, ka saurara har ƙarshe ka ce, "To mi kike nema gare ni?" Na san yabo ne, don ba ka da wani irin yabon da ya wuce wannan.

Amma waccan maganar tana nan. Na gode daban, na janye daban, kuma na san bambancin. Sau da yawa na shirya kalmomin tun daga gida, sai ka shigo ka ce fitilar tana ƙiftawa, sai in ce tana ƙiftawa, shi ke nan ranar ta wuce. Na riƙa aika maka gyaɗa duk kaka, ina yaudarar kaina cewa gyaɗa za ta faɗi abin da baki ya kasa. Da ka kwanta ciwo na je Faskari dubiya, na tarar ɗakin cike da mutane, na ce Allah ya ƙara sauƙi, na fito. Na ce in ka warke zan faɗa.

Ranar addu'ar uku na koma Faskari. Da mata suka ragu na matsa kusa da Hajiya Safara'u, na gaya mata abin da na faɗa maka da yadda na kasa janyewa. Ta shiga ɗaki, ta fito da littattafai huɗu ɗaure da igiyar roba. Ta ce ka raba littattafanka tun kana iya zama, na kowane wuri ka faɗi wanda za a ba, kuma na asibitinmu ka ce a ba Hamida don ita ke riƙe da sabar. Ta ce ita ba ta san abin da ke ciki ba, lambobi ne dai da rubutunka irin na tafiyar kaza.

Sai da na koma teburina na buɗe na 2022. Lambobi ne kamar yadda ta ce, da lokuta, da sunayen wayoyi. A shafin Litinin, ranar farko da ka zo, a ƙasan abin da ka kwafo daga na'urar, ka rubuta: "Kati ne, barci yake. Ba yarinyar nan ba ce. In na faɗa yau za a ce na rufa mata asiri, in na gyara yau za a ce ta ji tsoro ta daina. Sai sun gani da idonsu." A shafin Laraba kuma, bayan lokacin da Baba ya faɗa, akwai layi biyu: "Hamida ta yi mini Allah ya isa. Tana da gaskiya, ban gaya mata dalili ba, in na gaya mata za a ce mun haɗa baki. Allah ya sa ta yafe mini wunin goben."

Ashe tun Litinin ka sani. Gyaran minti biyu ne, da ka yi shi ka hau babur ka tafi, da sabar ta warke ni kuwa an bar ni da sunan. Ka yi kwana biyar kana bin hanyar Faskari zuwa Ƙanƙara safe da yamma, a shekarar da kowa ya san yadda hanyar take, ba don katin ba. Ni ina ta jin kunyar neman gafararka, kai kuma ka rubuta kana neman tawa. Na yi kuka a kan teburin nan, ba na kuma jin kunyar faɗa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Safara'u da 'ya'yansa da 'yan'uwansa na Tafoki da Mairuwa, da abokan sana'arsa, da duk ofishin da yau ke da wayoyi masu rubutun hannunsa ba shi da wanda zai kira. Baba Ɗanlahadi ya ce in sa sunansa cikin masu gaisuwa, ya ce a rubuta cewa a shekarunsa na gadi ba wanda ya taɓa ɗaura masa agogonsa ya tafi sai kai. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya, ya raya abin da ka bari, ya shirya zuri'arka.

Ya Allah, ga bawanka Mani ɗan Tafoki ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanya Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ya wanke ni a gaban mutane alhali ba abin da na haɗa da shi, ka wanke shi a ranar da ba mai wanke wani sai kai. Ni Hamida na kai ƙararsa gabanka da yammacin wata Laraba cikin fushi da rashin sani. Ka shaida, mutanen da ke karanta wannan su ma su shaida, na janye. Ba ni da wani haƙƙi a kansa, wunin Alhamis ɗin ma na yafe. Amin.